Lambobin gwajin suga sun hana ni barci

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a cikin birnin Kano, shekaruna 42, 'ya'yana biyar. Mahaifiyata ta rasu shekara uku da suka wuce bayan ta daɗe tana fama da ciwon suga, har sai da aka yanke mata ƙafa. A watan jiya ma'aikatan lafiya suka zo gwaji kyauta a Islamiyyarmu, aka huda min yatsa aka ce 168, wai in je asibiti. A ranar na sha koko da ƙosai kamar awa ɗaya kafin gwajin. Na sayi na'urar gwaji a kemis, da safe kafin in ci komai nakan ga 104, wata rana 112, wata rana 118. Na je ɗakin gwaje-gwaje ban karya ba, aka ba ni takarda an rubuta 6.3, sai na ƙara rikicewa, domin ban san yadda 118 ta koma 6.3 ba. Ba na yawan fitsari ko ƙishirwa. Nauyina kilo 84, kuma autana da kilo 4.3 aka haife shi. Maigidana ya ce waswasi ne kawai, ba zai ƙara ba da kuɗin gwaji ba. Surukata ta kawo min garin magani daga kasuwa, ta ce in bar shinkafa in koma tuwon alkama da acha. Maƙwabciyata mai ciwon ta ce za ta riƙa sam min ƙwayoyinta. Yanzu sau ɗaya nake cin abinci a rana, kuma nakan huda yatsa sau biyar ko shida. Don Allah na kamu ne? Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara a gare ta. Wanda maciji ya taɓa sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle, saboda haka ban ga laifinki ba da hankalinki ya tashi, tunda ke kika zauna a gefen gadonta kika ga yadda ciwon nan yake cin mutum a hankali. Bari in fara ba ki amsar da kika fi matsuwa ki ji: lambobin da kika aiko min ba su kai iyakar da likitoci suke cewa mutum ya kamu da ciwon sukari ba, amma sun ɗan haura na wanda jikinsa yake sarrafa sukari daidai. Kina wani matsayi na tsakiya, wanda ake iya komowa daga gare shi, ake kuma iya zarcewa idan aka yi sakaci. Likitan da ya gan ki ido da ido shi ne zai tabbatar da wannan, amma yana da kyau ki je masa kin san abin da kowace lamba take nufi.

Lambar sukari ba ta da ma'ana sai an san lokacin da aka auna ta. Duk abin da muka ci mai sitaci, tuwo ne ko koko ko gurasa, ciki yana narkar da shi ya koma sukari ya shiga jini, sannan wani sinadari mai suna insulin ya tura shi cikin tsoka da sauran gaɓoɓi domin su samu ƙarfin aiki. Don haka sukarin kowa yana hawa bayan cin abinci, ya fi ƙarfi kamar awa ɗaya bayan an ci, sannan ya sauko. Ke kuwa a daidai wannan lokacin aka huda ki, bayan kin sha koko, wanda na tabbata da sukari a cikinsa, shi ya sa 168 ɗin nan ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Gwajin da aka yi a kowane lokaci na yini ba tare da la'akari da abinci ba sai ya kai 200, kuma ga alamomi irin su yawan fitsari da ƙishirwa da ramewa, kafin a ce ciwon ne. Ma'aikatan da suka ce ki je asibiti sun yi daidai, domin aikinsu a irin wannan fita shi ne su tsamo wanda ya kamata a sake dubawa.

Batun 6.3 kuwa yana da sauƙi fiye da yadda kike zato. Ma'auni biyu ake amfani da su, kamar yadda mai awo zai faɗa miki hatsi da tiya, wani kuma ya faɗa da mudu. Na'urarki tana lissafi da ma'aunin da ake rubutawa mg/dL, ɗakunan gwaje-gwaje da yawa kuma suna rubutawa da mmol/L, kuma idan ana so a mayar da na biyun zuwa na farkon sai a ninka shi sau 18. Idan kika ninka 6.3 sau 18 za ki samu 113 da 'yan kai, wato takardar da na'urar magana ɗaya suke yi. Duk da haka ki sake duba takardar da kyau. Idan kin ga alamar kashi cikin ɗari a gaban lambar, ko an rubuta HbA1c, to wani gwaji ne daban wanda zan yi miki bayaninsa a ƙasa, kodayake ko shi ne, 6.3 a wannan matsayin na tsakiya take.

Ga yadda iyakokin suke ga wanda ya kwana awa takwas ko fiye bai ci komai ba sai ruwa. Ƙasa da 100, wato 5.6 a ɗaya ma'aunin, lafiya lau. Daga 126 zuwa sama, wato 7.0, shi ne ciwon sukari, kuma ko shi ma idan babu alamomi sai an maimaita a wata ranar an sake samun haka kafin likita ya tabbatar. Abin da ke tsakanin waɗannan biyun shi ne matakin gargaɗi. A nan akwai ɗan saɓani tsakanin masana wanda ya kamata ki sani, don kada likitoci biyu su faɗa miki magana biyu ki ɗauka ɗaya bai iya aikinsa ba: ƙungiyar likitocin ciwon sukari ta Amurka tana fara lissafin gargaɗin daga 100, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya daga 110 take farawa. Ke nan 104 ɗinki wani zai ce ba komai, wani ya ce a sa ido, amma 112 da 113 da 118 kowa ya yarda sun shiga matakin gargaɗi.

Kada bambancin da kike gani daga rana zuwa rana ya dame ki. Na'urar gida, ko mai kyau ce, an yarda mata ta kauce da kusan kashi 15 cikin 100 sama ko ƙasa, har ma idan kika huda yatsu biyu a jere ba lalle su ba da lamba ɗaya ba. Rashin barci da damuwa da zazzaɓi duk suna ɗaga sukari, kuma hanta da kanta tana sakin sukari cikin jini gab da asuba domin ta shirya jiki ga tashi, shi ya sa za ki kwana da yunwa amma ki ga lambar ba ta sauka ba. Sannan ga zafin garin nan namu, wanda a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40: tsinkayen da ake ɗiga wa jini suna lalacewa idan aka bar su a rana ko kusa da murhu ko aka bar kwalbarsu a buɗe. Hannun da ya taɓa dabino ko mangwaro ba a wanke ba shi ma yana ba da lambar ƙarya. Da wannan nake roƙon ki da ki daina huda sau biyar ko shida a rana. A matsayin da kike, ba ya ƙara miki ilimin komai sai fargaba da ɓarnar kuɗi, kuma kuɗin tsinkayen da kike ƙonawa a mako biyu ko uku sun fi amfani idan aka tara su aka yi gwaji ɗaya mai inganci.

Gwajin da nake nufi likita ne zai zaɓa miki tsakanin guda biyu. Na farko shi ne HbA1c, wanda yake auna yawan sukarin da ya manne wa jajayen ƙwayoyin jini, kuma da yake waɗannan ƙwayoyin sukan rayu kimanin kwana 120, yana nuna matsakaicin halin da jini ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba ruwansa da kokon da kika sha da safe. Ƙasa da kashi 5.7 lafiya, daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi, daga 6.5 zuwa sama ciwo. Sai dai a ƙasarmu akwai abin lura: sikila da ƙarancin jini da ƙarin jini na kwanan nan suna iya gurɓata sakamakonsa, har mai jinin AS ma wasu na'urorin ba sa auna nasa daidai, don haka ki faɗa wa likita nau'in jininki tun kafin ya rubuta. Na biyun shi ne a auna ki da safe ba ki karya ba, a ba ki ruwa mai giram 75 na sukari ki shanye, a sake aunawa bayan awa biyu. Ƙasa da 140 lafiya, daga 140 zuwa 199 gargaɗi, daga 200 ciwo. Wannan ya fi cin lokaci, amma yana kama waɗanda sukarinsu na safe yake kusa da daidai alhali bayan abinci ne yake daɗewa a sama. Kina iya fara zuwa asibitin da ya fi kusa da unguwarku, in da bukata su tura ki Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki roƙa a auna miki hawan jini a ranar, domin su biyun sun cika tafiya tare. In kuwa akwai yiwuwar kina da juna biyu ki faɗa tun farko, saboda ga mai ciki iyakar safe tana saukowa zuwa 92.

Ba zan ɓoye miki ba, abubuwa huɗu da kika ambata suna ƙara miki haɗari: ciwon mahaifiya, shekaru sama da arba'in, nauyin jiki, da haihuwar jariri da ya haura kilo 4, wanda sau da yawa alama ce ta cewa sukarin uwa ya hau a lokacin cikin ko da ba a gano ba. Uku daga ciki ba ki da iko a kansu. Wanda ya rage, wato nauyi, musamman kitsen da ke taruwa a tumbi, yana hannunki, kuma shi ne aka fi samun nasara da shi. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000 masu irin lambobinki, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2002, waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da kashi 58 cikin 100 a cikin kimanin shekara uku, alhali waɗanda aka ba ƙwayar metformin, wani maganin ciwon sukari, kashi 31 suka rage. A jikinki kashi 7 ɗin nan kilo 6 ne kacal, daga 84 zuwa 78, a cikin wata shida ko fiye, ba tare da gaggawa ba. Minti 150 kuma rabin awa ne sau biyar a mako. In Islamiyyar ba ta da nisa ki riƙa takawa maimakon hawa adaidaita sahu, in kuma fita tana da wuya, zagayen tsakar gida na minti goma bayan kowane cin abinci yana shiga lissafi, kuma a lokacin ne ma tsoka ta fi zuƙe sukarin da ya shigo. Ki sani kuma cewa abin da ya kai Mama ga rasa ƙafa shekaru ne masu yawa na sukari mai tsananin hawa da ya lalata jijiyoyi da hanyoyin jini, kuma tsakanin 113 da wannan halin akwai tafiya mai nisa wadda ba dole ba ne ki yi ta.

Cin abinci sau ɗaya a rana da kike yi shi ne abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki. Mace mai 'ya'ya biyar da aikin gida ba za ta jure wannan ba, kuma wanda ya wuni da yunwa idan ya zauna gaban kwano da daddare yakan ci na sau uku a zama ɗaya. Ki koma cin abincinki sau uku, ki gyara yadda kike zuba shi: rabin faranti ganye, kamar kwaɗon zogale ko rama ko kabeji ko miyar alayyafo mai kauri, rubu'i wake ko kifi ko ƙwai ko nama, rubu'in da ya rage tuwo ko shinkafa gwargwadon dunƙulen hannunki. Wurin da za ki fi samun riba cikin sauri shi ne abin sha, domin sukarin da ke cikin ruwa yana shiga jini nan take: lemon kwalba, zoɓo da kunun aya da aka zambaɗa wa sukari, shayi mai cokali uku da madarar gwangwani, fura da aka dama da sukari. Zuma ma a wajen jini sukari ce, kada wani ya ce miki ki maye gurbi da ita ki sha yadda kika ga dama. In kina shan wani maganin ƙara ƙiba ko na ciwon gaɓoɓi irin su dexamethasone, ki faɗa wa likita, saboda suna ɗaga sukari sosai.

Hajiya surukarki ƙauna ce ta sa ta je kasuwa ta nemo miki magani, kuma ya kamata ki yi mata godiya yadda za ta ji daɗi. A maganar abincin tana da rabin gaskiya, domin rage shinkafa yana da amfani, sai dai alkamar da aka niƙa ta yi laushi da acha su ma sitaci ne, malmala uku ta tuwon alkama za ta ɗaga sukari fiye da ɗan madaidaicin farantin shinkafa da wake. Ga tsada kuma, alhali gero da dawa da wake da ke cikin gidanki sun wadatar idan aka kula da yawan da ake ci. Garin maganin kuwa ni ba zan ba ki shawarar sha ba, tunda ba mu san abin da aka haɗa a ciki ba, ba mu san adadin da jiki zai iya ɗauka ba, kuma ƙoda da hanta ne suke biyan bashin irin wannan gwaji. Ba sai kin yi musu da ita ba. Ki ce mata likita ya fi son a kammala gwaje-gwaje kafin a sha komai don kada sakamakon ya rikice, wannan kuwa gaskiya ce, kowane likita haka zai ce.

Ƙwayoyin maƙwabciya kam ki ƙi su kai tsaye, cikin ladabi. Magungunan ciwon sukari iri-iri ne, kuma wasunsu, kamar glibenclamide, suna tilasta wa jiki fitar da insulin ko an ci abinci ko ba a ci ba. Idan mai lamba 113 da take wuni da yunwa ta sha irin wannan, sukarinta yana iya faɗuwa ƙasa da 70, ta kama rawar jiki da gumi da jiri, har ta kai ga suma. Akwai masu matakin gargaɗi da likita yake ɗora su kan metformin, amma bayan ya duba lafiyar ƙodarsu ya kuma auna haɗarinsu, kuma wannan hukuncinsa ne.

Sai maigida. Ina so ki dube shi da adalci, domin mutumin da yake ganin matarsa tana huda yatsa sau shida, ta daina ci, ta daina barci, ba abin mamaki ba ne ya kira abin waswasi, kuma a wannan ɓangaren bai yi kuskure ba. Inda ya kuskure shi ne ɗaukar cewa tunda ba kya jin ciwo to babu komai, alhali wannan matakin ba ya zuwa da alama ko ɗaya, kuma mutane da yawa sukan yi shekaru da ciwon kansa ba su sani ba. Wataƙila kuma shi ma tsoro yake ji, tunda ya ga jinyar surukarsa ya kuma san abin da ta ci. Ki samu lokacin da ya huta, ba da shigowarsa daga kasuwa ba, ki ajiye kuka a gefe ki zo masa da magana mai iyaka: gwaji ɗaya da ganin likita sau ɗaya kike nema, ke kuma kin yi alkawarin rage huda yatsa da komawa cin abinci. Ki tambayo kuɗin gwajin tun kafin ki yi masa maganar, domin maza sun fi saurin amsa bukatar da suka san farkonta da ƙarshenta. Ki nemi ya raka ki, a auna shi shi ma, musamman in ya haura arba'in ko ya ajiye tumbi, kuma gyaran girkin da za ki yi har shi da yaran zai amfana, tunda su ma jinin kakarsu yana jikinsu. In ya ƙi duk da haka, ki nemi izinin zuwa ki biya da abin hannunki, ko ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, yayanki ko wansa, ya yi masa magana.

Akwai halin da ba a jiran kowa. Idan kika fara tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ƙishirwa ta ƙi yankewa, kina ramewa ba da niyya ba, ganinki ya koma dishi-dishi, ko wani rauni ya ƙi warkewa, ki je asibiti a cikin makon, haka ma idan na'urar ta nuna 200 ko fiye bayan kin wanke hannu kin maimaita. In kuwa abin ya haɗu da amai ko ciwon ciki ko rikicewar hankali, to a ranar za a tafi, ko da dare ne.

In babu ko ɗaya daga waɗannan, ki sayi ƙaramin littafi ki rubuta lambobin da kika riga kika samu, kowace da ranarta da lokacinta da abin da kika ci kafin ta, ki haɗa da takardar 6.3 ɗin ki tafi da su wajen likita. Kafin ranar, aunawa sau ɗaya a mako da safe ta ishe ki. Idan sakamako ya tabbatar da matakin gargaɗi, abin da aka saba shi ne a maimaita gwajin shekara-shekara, ko kafin nan idan likita ya ga dalili. Ki rubuto min bayan kin gan shi, ki faɗa min abin da gwajin ya nuna da kuma yadda kuka ƙare da maigida. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki zuri'a.